Rahoton Ayyukan Shekara: Ajin Tarihi na Ranar Asabar

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan uwa mambobi.

Wannan rahoton kwamitin ilimi ne. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta nasa a zaman ƙarshen wata.

Waɗanda suka halarci taron bara za su tuna yadda ajin nan ya samo asali. Wata uwa ce ta miƙe ta ce 'yarta ta dawo daga makaranta a watan Nuwamba da jan furen nan na tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi maƙale a riga, ta tambaye ta ma'anarsa, ita kuwa ba ta da abin cewa. Ashe kusan duk gidajenmu haka abin yake. Yaranmu a nan Ontario ba sa gama sakandare sai sun ci darasin tarihin Kanada tun daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ake yi a aji 10, mu kuma iyaye tarihin wata ƙasar muka karanta. Shi ya sa aka amince a ware awa ɗaya bayan darasin Hausa na Asabar.

Yaƙin Duniya na Ɗaya bai ɗauke mu lokaci ba, domin makarantun boko sun riga sun cika musu kunne da shi. Sun san tudun Vimy a Faransa, inda Kanada ta rasa sojoji 3,598 cikin kwana huɗu a Afrilun 1917, sun kuma san sama da 60,000 ne ba su dawo gida ba daga wannan yaƙi. Abin da muka ƙara musu shi ne labarin bataliyar baƙar fata da aka kafa a 1916, bayan an daɗe ana korar baƙaƙe daga wuraren ɗaukar soja. Da aka karɓe su ma, sarar katako da gyaran hanya aka ba su. Sai a 2022 Firayim Minista Justin Trudeau ya nemi afuwar zuri'arsu a madadin gwamnati.

A Yaƙin Duniya na Biyu ne ajin ya yi armashi. An yi bayanin harin Dieppe a Faransa na 19 ga Agusta 1942, inda aka kashe 'yan Kanada fiye da 900 a yini guda, aka kama kusan 2,000. An yi na saukar sojojin Kanada a gaɓar Juno ta Faransa ranar 6 ga Yuni 1944, da 'yantar da Holan a 1945, wanda har gobe mutanen can ke aiko wa Ottawa furanni saboda shi. Yara suna saurare, amma kamar labarin wasu ake ba su. Sai ranar da malamin ya ambaci Bama, wato ƙasar Myanmar ta yau. Ya ce matuƙan Kanada sun yi ta tuƙa jiragen Dakota suna jefa wa mayaƙa abinci da harsashi a dazuzzukan Bama, fagen da runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japan, kuma Hausa ce harshen bariki a wurin sojojin Najeriya na lokacin. Mako na zagayowa, wani yaro ɗan shekara goma sha huɗu ya shigo da hoto a wayar babansa: wani saurayi siriri da gajeren wando da hula mai faɗin baki, tsagen fuskarsa ma ana gani. Kakan babansa ne, ɗan Bama. Wayar ta zagaya hannu zuwa hannu, darasin ranar bai ƙara gaba ba, kuma ni ban ga asara a ciki ba.

Koriya mun wuce ta da sauri fiye da yadda ta cancanta. An dai faɗa musu cewa sojojin Kanada fiye da 26,000 suka je tsakanin 1950 da 1953, 516 suka mutu.

Zangon wanzar da zaman lafiya mun buɗe shi da tambaya: filin jirgin saman Toronto da muke sauka, sunan wa aka sa masa? Babu wanda ya san mai sunan, Lester Pearson, ministan harkokin wajen Kanada na lokacin, shi ne ya kawo shawarar tura rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a rikicin Mashigin Suez na 1956, har aka ba shi kyautar Nobel a 1957. Daga nan muka gangara Kwango, inda ma'aikatan sadarwa na sojan Kanada suka yi aiki daga 1960 zuwa 1964 a runduna ɗaya da sojojin Najeriya, rundunar da Janar Aguiyi-Ironsi ya shugabanta a shekarar ƙarshe. 'Yan uwanmu na zangon Kumasi da Ankara su suka riƙe darasin Ruwanda, kuma sun yi mana kara. Sun bayyana yadda aka rage wa Janar Roméo Dallaire, ɗan Kanada da ke shugabantar rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a can, dakaru ana tsakiyar kisan ƙare-dangi a 1994, da yadda sojojin Gana ƙarƙashin mataimakinsa Henry Anyidoho suka tsaya tare da shi lokacin da wasu suka kwashe nasu.

Inda muka samu saɓani shi ne Somaliya, kuma ba zan ɓoye muku ba, an ɗaga murya a zaman kwamiti. A Maris ɗin 1993, sojojin Kanada a Belet Huen sun azabtar da wani matashi, Shidane Arone, ɗan shekara 16, har ya mutu, suka kuma ɗauki hotuna. Abin ya kai ga rusa rundunarsu ta 'yan lema gaba ɗaya a 1995. Wasu dattawanmu sun ce baƙo ba ya tona asirin mai masauki, kada a cusa wa yara ƙin ƙasar da ta karɓe mu. Na fahimci tsoronsu, amma ban bi bayansu ba. Yaran nan yawancinsu a nan aka yanke musu cibiya, ba baƙi ba ne, kuma gwamnatin Kanada da kanta ta kafa kwamitin bincike a bainar jama'a. An tsaya a kan a koyar da shi ga manyan ɗalibai kawai, ba tare da hotuna ba. Haka aka yi da Afganistan, inda Kanada ta rasa sojoji 158 tsakanin 2001 da 2014. A nan ma yara sun yi tambayoyi masu nauyi a kan yaƙi a ƙasar Musulmi, aka bar kowa ya faɗi ra'ayinsa.

Tafiyar Ottawa ta zo da tangarɗa. Motar da muka yi haya ta makara da kusan awa biyu, muna tsaye cikin sanyi da ƙananan yara, don haka ba mu samu zuwa gunkin masu wanzar da zaman lafiya ba. Gidan adana kayan tarihin yaƙi kaɗai muka shiga. Samarin sun taru a kan baƙar marsandin Hitler sai da aka janye su. Ni abin da ya tsaya mini shi ne wani ɗaki mara ado mai taga guda, da dutsen kabarin sojan da ba a san sunansa ba jingine a bango. An gina tagar ne yadda hasken rana zai faɗa kan dutsen daidai ƙarfe 11 na safiyar 11 ga Nuwamba, lokacin da aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yara da kansu suka yi shiru a wurin.

Halarta ta yi ƙasa a watan azumi da makonnin ƙanƙara, kuma nauyin koyarwa har yanzu yana kan mutum biyu. Muna neman ƙarin masu sa kai, musamman mata, domin 'yan mata sun fi samari yawa a ajin.

Baɗi, in Allah ya kai mu, za a ba Koriya haƙƙinta, a kuma ƙara aikin jiragen saukar ungulu na Kanada a Gao ta ƙasar Mali a 2018 da 2019. Duk wanda kakansa ya je Bama ko Kwango, ya taimaka ya tuntuɓi gida a ɗauko mana hoton lambar yabo ko takardar sallama, a miƙa wa sakatare kafin a koma aji.

Wassalam.
Shugaban Kwamitin Ilimi