Mayotte: takarda ta Faransa, rayuwa a gidan kwano

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, ina roƙon ku ba ni fili in yi magana a kan tsibirin Mayotte, wanda kafofin labaranmu ba su waiwaye shi ba sai da guguwar Chido ta afka masa ranar 14 ga Disamban 2024, aka nuna hotunan kwanon rufi a warwatse na 'yan kwanaki, sannan kowa ya koma harkarsa. Al'ummar da kusan dukkanta Musulmi ce, kuma take zaune a gefen nahiyarmu tsakanin Madagaska da Mozambik, ta cancanci mu san halin da take ciki fiye da haka.

Faɗin Mayotte murabba'in kilomita 374 ne kacal, amma mutanen da hukuma ta ƙidaya a cikinsa sun haura 300,000. Ɗaya ne daga cikin tsibirai huɗu na Komoros, kuma Faransa ta mallake shi tun 1841. A ƙuri'ar raba gardama ta Disamban 1974 sauran tsibiran uku suka zaɓi 'yanci da gagarumin rinjaye, yayin da kimanin kashi 63 cikin 100 na masu ƙuri'a a Mayotte suka ce a'a. Faransa ta ƙirga sakamakon tsibiri-tsibiri maimakon a dunƙule, ta riƙe Mayotte, ta kuma hau kujerar na-ƙi a kan batun a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1976. Har gobe Komoros da Tarayyar Afirka suna cewa tsibirin na Komoros ne.

Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma bai kamata mu yi saurin kiran mutanen Mayotte bayin Turawa ba. Tun da aka ɗauke hedikwatar mulki daga Dzaoudzi da ke Mayotte zuwa Moroni, babban birnin Komoros na yanzu, suka ga ayyuka da kuɗi sun bi ta, kuma mata ne, waɗanda a al'adar tsibirin su ke da gida, suka jagoranci turjiya a ƙarƙashin Zéna M'Déré. Sukan yi wa ɗan siyasar da ya zo daga Moroni zobe, su yi ta yi masa cakulkuli har sai ya gudu. Juyin mulkin da Komoros ta riƙa fama da shi bayan 1975 ya ƙara musu ƙwarin gwiwa, shi ya sa a 2009 kashi 95 cikin 100 suka amince tsibirin ya zama cikakkiyar gundumar Faransa, aka tabbatar da shi gunduma ta 101 a 2011. Sun biya farashi mai tsada a kan haka, domin alƙalan Musulunci da suka daɗe suna ɗaura aure, suna raba gado, suna yanke hukunci, an karɓe ikon shari'a daga hannunsu, aka bar su da sasanci kawai, aka kuma haramta ƙara mace ta biyu a doka.

Abin da ya fi damuna shi ne ladan wannan sadaukarwa. Hukumar ƙididdiga ta Faransa da kanta ta ce kashi 77 cikin 100 na mazauna tsibirin matalauta ne bisa ma'aunin ƙasar, kuma gidaje huɗu cikin goma na kwano ne, irin waɗanda suka lulluɓe tudun Kawéni a gefen Mamoudzou, babban birnin tsibirin. Tallafin marasa ƙarfi da ake ba ɗan Mayotte rabin wanda ake ba ɗan birnin Marseille na Faransa ne, mafi ƙarancin albashi ma bai kai na can ba, alhali siminti da kayan abinci masu yawa daga waje ake sauke su a tashar Longoni da tsada. Furen ilan-ilan da ake tatsar man turare daga gare shi, da banila, waɗanda a da tsibirin ke fitarwa, sun ja baya ƙwarai, har tattalin arzikin ya koma dogaro da albashin gwamnati da kuɗin da Paris ke aikowa. Ma'aikacin gwamnati yana karɓar ƙarin kashi 40 cikin 100 a kan albashinsa, maƙwabcinsa kuwa yana jiran layin famfo da jarka. A 2023 sai da aka kai ana ɗauke ruwa kwana biyu cikin kowane uku, saboda madatsun Combani da Dzoumogné sun kusa ƙafewa. Makarantun firamare da yawa kuma karɓa-karɓa ake yi a cikinsu, wasu yara da safe wasu da yamma, a tsibirin da rabin jama'arsa ba su kai shekara 18 ba.

Duk da wannan talauci, Mayotte aljanna ce ga mutumin tsibirin Anjouan na Komoros, wanda kilomita 70 ne tsakaninsa da ita. Kafin 1995 mutane na zirga-zirga tsakanin tsibiran kamar yadda ɗan Katsina ke zuwa biki Maraɗi, domin dangi ɗaya ne, harsunansu kuma 'yan'uwan juna ne. A shekarar ne gwamnatin firaministan Faransa Balladur ta wajabta biza, sai hanya ta koma hannun masu ƙananan kwale-kwalen da ake kira kwasa-kwasa, masu tafiyar dare da lodi fiye da kima. Wani rahoton Majalisar Dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta cewa mutum 7,000 zuwa 10,000 ne suka nutse a wannan mashigi. Wanda ya tsira ya samu takardar zama kuwa, takardar ba ta aiki sai a Mayotte, ba zai iya wucewa Faransa da ita ba, don haka cunkoson ya tsaya a kan ɗan tsibirin kaɗai. Ana kwashe iyaye a mayar da su Anjouan, a bar 'ya'yansu suna gararamba, sannan a dawo ana kukan 'yan daba.

Ban raina kukan 'yan asalin tsibirin ba, domin kusan rabin mazaunansa baƙi ne a takarda, asibitin haihuwa ya cika maƙil, kuma tsoron fita da dare gaskiya ne. Fushin ne ya sa Marine Le Pen, 'yar siyasar Faransa mai adawa da baƙin haure, ta samu kashi 59 cikin 100 a can a zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa na 2022. Amma maganin da Paris ta fi son kawowa shi ne na 'yan sanda da buldoza, irin samamen korar baƙi da rushe gidajen kwano na 2023 mai suna Wuambushu, da tsaurara sharuɗɗan ba wa jaririn da aka haifa a can takardar ɗan ƙasa a 2018 da 2025. Da Chido ta taso, an ruwaito cewa baƙi da yawa sun ƙi zuwa mafakar gwamnati don tsoron kamu, suka zauna a ƙarƙashin kwano har iska ta same su.

Idan Faransa ta ce Mayotte tata ce, to ta daidaita tallafi da albashi yanzu maimakon alkawarin da ta yi na daidaita su nan da 2031, ta gina ajujuwa da wuraren tace ruwa, ta kuma bar mai takardar zama ya tafi duk inda dokarta ke aiki. Tarayyar Afirka kuwa, da ke maimaita cewa tsibirin na Komoros ne, ya kamata ta fara tambayar gwamnatin Moroni dalilin da ya sa mace mai ciki wata tara take shiga kwale-kwale da dare don neman inda za ta haihu.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Maraɗi