Ku riƙa faɗa mana wanda ya biya kuɗin ƙuri'ar jin ra'ayi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina da roƙo a kan ƙuri'un jin ra'ayin jama'a da jam'iyyu ke fitarwa idan takarar gwamna ta yi zafi.

Na taɓa yin aikin buga waya a irin wannan bincike na 'yan makonni. Takardar da aka ba mu ta ce mu fara karanta wa mutum ayyukan alherin ɗan takarar da ya ɗauki nauyin aikin, sannan mu tambaye shi wa zai zaɓa. Yawancin lambobin ma ba a ɗagawa. Wata dattijuwa da ta ɗaga ta ce mini, "Ɗana, ai ka riga ka gaya mini amsar, rubuta kawai." Ko amsa ɗaya ba mu ƙirƙira ba, amma sakamakon ya karkata inda ake so. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kuma da sakamakon ya fito ba daɗi, a aljihun tebur zai kwana.

Ko binciken gaskiya ne, idan mutum 1,000 aka tambaya, kuskuren kan kai kashi 3 cikin 100, sama ko ƙasa. To ɗan takara mai kashi 48 da mai kashi 46, wa ke gaba? Babu wanda ya sani.

A zaɓen gwamnan jihar Arizona ta Amurka a 2022, ƙuri'un jin ra'ayi da dama, musamman na kamfanonin da ke kusa da jam'iyyar Republican, sun nuna 'yar takarar jam'iyyar, Kari Lake, ce a gaba. Da aka ƙirga, Katie Hobbs ta jam'iyyar Democrat ta lashe da ratar ƙuri'u 17,117 cikin sama da miliyan 2.5. Lake ta ƙi amincewa, ta garzaya kotu, ba ta yi nasara ba. Wannan ne ke tayar mini da hankali. Wanda aka yi wata guda ana ce masa nasa ya riga ya ci, ranar sakamako ba abin da zai yarda da shi sai maguɗi.

Don Allah kafin ku buga irin waɗannan alƙaluma, ku rubuta mana wanda ya biya, mutum nawa aka tambaya, a waɗanne ranaku, da ainihin lafazin tambayar. Wanda ya ƙi ba ku waɗannan, ku mayar masa da takardarsa.

Naku,
Wani mai karatu