Roƙon tallafi ga cocin Ballintubber, ƙasar Ayilan

'Yan'uwa cikin Kristi, salama gare ku.

Mu ne kwamitin ibada na Katolika masu jin Hausa da ke zaune a yammacin Ayilan. Muna neman taimakonku domin wani cocin ƙauye da ke gundumar Mayo, wato Ballintubber.

Sarkin Connacht (yankin yammacin Ayilan), Cathal O'Conor, shi ya gina shi a 1216. A 1653 sojojin Cromwell, shugaban Ingila, suka cinna masa wuta, rufin ya zube. Duk da haka Misa ba ta tsaya ba. Fiye da shekara 200 mutanen ƙauyen suna durƙusawa a kan ciyawa tsakanin bango huɗu, ruwan sama na dukansu, a zamanin da doka ta sa ake farautar firistoci ana biyan lada a kansu. Duk wanda ya ɗanɗani sanyin Mayo ya san wannan ba ƙaramar bangaskiya ba ce.

An fara gyara a 1846, sai yunwar da ta biyo lalacewar dankali ta tsayar da aikin. Sai a 1966, cocin yana cika shekara 750, aka yi wa babban zauren rufi. Har yau nan ake baftisma, nan ake ɗaurin aure, daga nan kuma masu ziyarar ibada ke kama tsohuwar hanyar ƙafa, kilomita 35, zuwa dutsen Croagh Patrick.

Me ya haɗa mu da shi? Kusa da ƙauyen akwai Ballinafad, inda mishan ɗin SMA, wato ƙungiyar firistocin Katolika masu aikin bishara a Afirka, suka yi makarantar horar da samari masu niyyar zuwa Afirka. Firistocin SMA na Ayilan su ne suka yi aiki a Shendam, Jos da Kaduna, suka buɗe makarantun da iyayenmu suka yi karatu. Talakawan ƙauyuka irin wannan ne suka ba da 'ya'yansu da ɗan kuɗinsu. A ganinmu bashi ne a wuyanmu.

Ginin dutse mai shekara 800 a ƙasa mai yawan ruwa kullum yana son kulawa: rufi, magudanar ruwa, ɗumama ɗaki lokacin hunturu. Jama'ar ƙauyen kuwa kaɗan ne.

Za mu karɓi baiko na musamman kowace Lahadi bayan Misa. Na nesa su tuntuɓi ɗan kwamiti da suka sani. Komai ƙanƙantarsa a kawo. Za mu rubuta, mu miƙa wa cocin, mu karanta muku lissafi a gaban jama'a.

Allah ya sāka muku da alheri.

Kwamitin Ibada