Wasiƙa zuwa ga Ɗanlami a Kumasi

Kano, daren Laraba

Ɗanlami,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Maman Walid da yara? Na san kana cike da ni. Saƙon muryarka har uku sun yi wata huɗu suna jirana, sai shekaranjiya na buɗe su. Ka yi haƙuri mutumina, jinya ce ta sha kaina.

Baba ne santsi ya kwashe a wurin alwala, ya karye a ƙugu. Aka yi masa allurar barci, aka yi aiki na awa uku da ɗoriya. Bayan kwana biyar wurin ya yi ruwa, zazzaɓi ya rufe shi, aka sake mayar da shi ɗakin tiyata. Ƙafar dai alhamdu lillahi, yanzu har yana dogara sanda. Kan ne ya ba mu tsoro.

A dare na biyu ya fizge robar ƙarin ruwa, ya ce a fito masa da kekensa zai tafi Kantin Kwari kafin a tashi. Keken da aka sayar tun zamanin Shagari! Ya dubi Hadiza ya kira ta da sunan marigayiya Inna, yana mata faɗa don ba ta dama masa fura ba. Goggo kuwa, ka san ta, nan take ta yanke hukunci cewa mutanen ɓoye ne, ta aika a karɓo rubutu. Ban hana ta ba, amma na tare likitar barcin a baranda, Allah ya saka mata, ta tsaya ta yi min bayani.

Ta ce abu biyu ne. Akwai ɗimuwar kwanakin farko, irin sambatun nan, wadda takan lafa. Akwai kuma raunin tunani da mantuwa da kan ja makonni ko watanni. Ta ba ni labarin wani bincike da aka buga a 1998, a asibitocin Turai da Amurka, kan mutum sama da 1,200 masu shekara 60 zuwa sama da aka yi wa babban aiki: bayan mako ɗaya kusan kashi 26 cikin ɗari tunaninsu ya ja baya, bayan wata uku saura kusan kashi 10. Da ta fara jero abubuwan da ke jawo shi, sai na ji kamar fayil ɗin Baba take karantawa: yawan shekaru, daɗewa cikin barcin, aiki na biyu, ciwo ya kamu da ƙwayoyin cuta, matsalar numfashi. Har da ƙarancin karatu. Nan fa na ce mata dakata, mutumin da ya sauke tun yana ɗan sha huɗu? Ta yi dariya ta ce su shekarun boko suka ƙirga. Kai da ka maimaita aji uku sau biyu, ban san ko riba ka ci ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, kafin aikin ta tambaye ni ko yana da mantuwa, na ce lafiyarsa ƙalau. Alhali tun bara yakan sallame La'asar ya sake tayarwa, kuma sau biyu yana biyan mai kayan miya kuɗi ɗaya. Kunya ce ta hana ni faɗa a gabansa, ɗan shekara 78 yana zaune yana kallona. Ta ce ƙwaƙwalwar da ta riga ta fara gajiya, ko wadda ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ita ta fi saurin ruɗewa. Ban kuma gaya mata yana shan Piriton kusan kullum don ya samu barci ba, ashe irin wannan maganin ma yana rikita tsofaffi. Ga shi mun bar tabaransa a gida, ga robar fitsari, ga fitila a kunne har asuba, ga ciwo. Duk mun tara masa.

Af, ka ji Sale Dogo ya ƙara aure? 'Yar gidan mai unguwarsu. Ya zo dubiya da babbar riga yana ƙamshi, Baba ya kalle shi ya ce, "Har yanzu ba ka biya ni kuɗin shaddar nan ba." A ranar na san an fara dawowa hayyaci. Sale sai da ya nemi ƙofa.

Na ji ka ce za a yi wa Hajiya aikin gwiwa, kana son a yi mata allurar baya, mai kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa ba tare da barci ba, don gudun wannan ɗimuwar. Ni ma haka na zata, amma likitar ta ce a 2021 an buga sakamakon gwajin da aka yi a kan mutum 1,600 masu karayar ƙugu a Amurka da Kanada, rabi allurar baya rabi ta barci, ɗimuwar ta zo kusan ɗaya, wajen mutum ɗaya cikin biyar. Ka bar wa likitocinta zaɓin. Naka shi ne ka faɗi gaskiyar mantuwarta ko da za ta harare ka, ka kwashi duk magungunanta a leda ka nuna musu, har na gargajiya. Ka kai mata tabarau da carbinta, a buɗe taga da rana, kuma wanda ta saba da fuskarsa ya kwana da ita. Kada ka turo mata 'yar aikin da ta zo jiya.

Yanzu wata uku ke nan. Baba ya gane kowa, yana bin jam'i a zaune, amma lissafin da yake yi da ka kafin yaro ya lalubo kalkuleta, shi ne bai dawo ba. Jiya na ba shi dubu biyar ya ƙirga sau uku, sannan ya miƙo min ya ce in adana masa.

Akwai wani abu da ka tambaye ni a saƙonka na farko, ko batun filin nan ne ko na goro, wallahi ya shige min. Ka sake turowa, kuma kada ka ce komai, ni ba a yi min allurar barci ba.

Ka gaida Hajiya da jiki.

Naka,
Habu