Abin da ya biyo ni gida daga kabarin Yayana

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah ka ɗan ba ni fili a jaridar nan taku, akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, jiya kuma na dawo daga jana'izar wani maƙwabcinmu na ji ana sanarwar nan da aka saba, "duk mai bin mamaci bashi ya ga ɗansa wane", sai abin ya dawo mun sabo fil.

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, yadi nake sayarwa, farin yadin likkafani kuwa ban san iya adadin da na yanka wa mutane ba, a zo a ce na namiji ne ko na mace, in auna in yanka in karɓi kuɗina in ce Allah ya jiƙan musulmi, shikenan na juya ga kwastoma na gaba. Wallahi ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana wani zai auna nawa ba.

Sai shekarar 2020. Duk wanda yake Kano a watan Afrilun nan ya san abin da aka gani, ga dokar kulle ta korona, ga azumi ya kama, ga manya suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, su Farfesa Ibrahim Ayagi, su Farfesa Balarabe Maikaba, farkon Mayu kuma Sarkin Rano. Daga baya ministan lafiya na lokacin Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni. Yayana yana cikin waɗanda suka tafi a kwanakin. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma lokacin shekararmu uku ba ma magana saboda wani kangon gida da Baba ya bari, ko a masallaci muka haɗu kowa sai ya kau da kai. Hajiyarmu tun tana da rai ta yi kuka ta yi roƙo, na ce ai shi ne babba shi ya ci mun haƙƙi, shi zai fara zuwa.

Bayan sahur matarsa ta kira ni, abin da ta iya cewa kawai "Baban Ummi, Yayanka fa ya cika."

Ni na zuba ruwa liman yana wanka. Na ga furfurar da ta fito masa a gemu wadda ban san da ita ba, na ga tabon da ya ji a gwiwa ranar da ya goya ni a keke muka faɗi muna yara, yana nan yadda yake. Da muka je maƙabartar Dandolo aka ce ɗan'uwansa ya shiga, na cire takalmi na sauka. Malam Edita, 'yar kabarin nan faɗinta bai wuce taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba, da ƙyar muka kwantar da shi ta gefen dama yana kallon alƙibla, na kwance ƙullin likkafanin hannuna na rawa, aka fara miƙo itace ana jerawa ana liƙewa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. A wurin ne na ce masa Yaya na yafe maka ka yafe mun, to amma wa zai amsa? Kangon da muka yi shekara uku muna gaba a kansa har yau yana nan, awakin unguwa ne ke kwana a ciki.

Abin da ya sa na rubuto ma shi ne abin da ya biyo baya. Ko kwana uku na zaman makoki ba a cika ba masu bashi suka fara sallama, wannan ya ce dubu 200 yake bi, wancan ya ce buhun shinkafa biyar ne, babu takarda babu shaida, shi ma kuma mun san yana bin mutane da yawa amma ko mutum ɗaya bai zo ya ce ga kuɗin marigayi ba. Komai a kansa yake da cikin wayarsa, wayar kuma a kulle, ba wanda ya san lambar buɗewa, har kuɗin da ke akawun ɗinsa sai da aka yi watanni ana zirga-zirga tsakanin banki da kotu. Matarsa tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma ga marayu shida, ita ake bugawa waya ana mata maganar kuɗi. Mun biya duk wanda ya rantse, don mun ji malamai suna karanta hadisin da ke cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa, wa zai so ɗan'uwansa ya kwana a haka?

Kuma fa addininmu bai bar mu a duhu ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani gaba ɗaya, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka da kafa shaidu. Hadisin Ibn Umar yana nan a Bukhari da Muslim, cewa bai kamata musulmin da yake da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba. Amma mu a nan kana cewa mutum ya rubuta wasiyya sai ya haɗe rai ya ce kana masa fatan mutuwa, kana cewa a rubuta bashi sai a ce ba ka yarda da mutane ba. Ni ban ga rashin yarda a ciki ba sam, tausayin waɗanda za ka bari ne.

Tun daga lokacin na sayi littafi mai bango mai kauri, gefe ɗaya waɗanda nake bi, gefe ɗaya masu bina, duk Juma'a bayan na dawo masallaci sai na zauna na gyara shi, uwargidana ta san inda yake, babban ɗana ya san lambar wayata. Akwai mutum huɗu da nake riƙe da su a zuciya, na bi su har gida ɗaya bayan ɗaya, ɗayansu da ya buɗe ƙofa ya gan ni sai da ya ja da baya don mamaki, muka zauna a dakali muka yi kuka mu biyu. Rabona na kangon nan na bar wa 'ya'yan Yaya.

Roƙona ga limamanmu na Juma'a, dan Allah a riƙa ware huɗuba a kan rubuta bashi da wasiyya, a koya wa mutane yadda ake yi dalla-dalla, a gaya musu wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya kuma ba a yi wa magaji. Masu haƙan kabari ma a riƙa tunawa da su, yawancinsu dattawa ne da ke rayuwa da ɗan abin da aka miƙa musu, a kwanakin nan na 2020 da azumi a bakinsu suka yi ta haƙa cikin zafin rana.

Yanzu in aka zo sayen likkafani a shagona nakan tambayi sunan mamacin, in ajiye almakashi in yi masa addu'a kafin in yanka. Allah ya jiƙan Yayana da duk musulmin da suka riga mu, ya sa can ta fi musu nan.

Naku,
Wani ɗan kasuwa daga Goron Dutse, Kano