Idan za ka zo Lamu, biyo ta sama

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonka ya iso, na kuwa ji daɗi da ka ce bana da kai za a yi Maulidin Lamu, tsibirin nan da ke gaɓar tekun Kenya. Amma batun hawa bas daga Mombasa don a rage kuɗi, ban goyi baya ba. Tafiyar wuni ce, a bi ta Malindi da Garsen da Witu, titin ya ƙare a Mokowe, bakin ruwa. An shimfiɗa masa kwalta, sai dai shingayen jami'an tsaro suna nan, domin 'yan al-Shabab da ke laɓewa a dajin Boni sun sha tare motoci a hanyar. Baƙo da fasfon wata ƙasa, ba Swahili a baki, wahala kawai zai sha. Ka daure ka yanki tikitin jirgi.

Yawancin ƙananan jiragen daga filin Wilson suke tashi a Nairobi, ba daga babban filin Jomo Kenyatta da za ka sauka ba, don haka duba tikitinka da kyau. Wasu sukan yada zango a Malindi. Kuma rage kaya, mutumina, na san halinka. Ƙananan nan kilo 15 suke yarda da shi, sun kuma fi son jaka mai laushi a kan akwati.

Filin jirgin kansa ba a tsibirin Lamu yake ba, yana Manda, tsibirin da ke fuskantarsa. Titin sauka mai kwalta ɗaya ne, gini ɗan madaidaici. Da an buɗe ƙofa iska mai ɗumi da ƙanshin gishiri za ta buge ka, ka sauko ka taka da ƙafarka. Ba tasi, ba bas. Ana loda jakunkuna a kura irin ta 'yan ga-ruwa, wani saurayi ya turo, ku kuna biye da shi har bakin ruwa, inda masu kwale-kwalen inji ke ta rige-rigen fasinja. A nan sai ka buɗe ido: akwai na haɗaka, akwai na shata, duk wanda ya ga baƙo kuwa shata zai tallata masa. Ku gama ciniki kafin ka sa ƙafa. Tsallakawar ba ta wuce kamar minti goma, garin yana matsowa da fararen gidajensa na dutsen teku. Kana hawowa tudu jakuna za su karɓi aiki, don lungunan sun yi wa mota ƙunci. Tun 2001 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya, ko da yake 'yan acaɓa sun fara kutsowa bakin teku, dattawa na ta ƙorafi.

Wani abu yana ɗan sosa mini rai duk sa'ad da na zauna jiran jirgi a can. Dubi fasinjojin: Turawa masu zuwa hutu ƙauyen Shela, ma'aikatan gwamnati, da masu harka da sabuwar tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 2021. Masunci ko mai jaki da ciwo ya tasa shi zuwa asibiti a Mombasa, bas ɗin da na hana ka shi zai hau, ga jirgi yana tashi a kan idonsa.

Idan ka nemi Manda a intanet za ka ci karo da harin Janairun 2020 da aka kashe Amurkawa uku. Kada uwargida ta gani hankalinta ya tashi. Wancan sansanin soja ne na Manda Bay, a can ɓangaren babban tudu, ba filin fasinja ba.

Taron Maulidin a masallacin Riyadha ake yinsa, wanda Habib Saleh ya kafa, a makon ƙarshe na Rabi'ul Awwal. Mutane na zuwa daga Zanzibar da Komoros, ga tseren jakuna da na jiragen filafilai, kujerun jirgin sama kuma sukan ƙare da wuri. Kada ka yi sanya. Da ka yanka ka aiko mini da rana da lokaci, zan tsallako Manda in tarbe ka. A cikin kilo 15 ɗin nan ka bar mini gurbin kuka da daddawa.

A gaishe mini da Hajiya da uwargida da yara, da duk 'yan majalisa.

Naka amini.