Wasiƙar Godiya ga Shagon Ɗaurin Raket da ke Sharafiyya, Jidda

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne a madadin 'yan'uwa Hausawa da muke haɗuwa buga badminton a nan Jidda daren Alhamis da na Juma'a, domin mu gode muku a bainar jama'a, musamman Baba, dattijon da ke kan injin ɗaure tsirkiyar raket.

Abin da ke dawo da mu wurinku shi ne, Baba ba ya ɗora raket a kan inji sai ya tambayi mai ita. Yaushe ka fara buga wasan? Kai kaɗai kake bugawa ko bibbiyu? Kafaɗa na yi maka ciwo? Samarinmu kowa ya zo cewa yake a ja masa tsirkiya laba 28 (ma'aunin taurin ɗauri ke nan), don ya ji haka zakarun duniya ke yi. Sai Baba ya zaunar da yaro ya fahimtar da shi cewa in tsirkiya ta yi tauri sosai, wurin da ƙwallo ke fita da daɗi a tsakiyar raket raguwa yake, wanda hannunsa bai ƙosa ba kuwa sai ya koma duka da ƙarfin kafaɗa har ya ji wa kansa ciwo. Masu koyo yakan tsayar da su a laba 20 zuwa 22, ya sa musu tsirkiyar Yonex BG65 mai kaurin milimita 0.70 saboda juriyarta. Wanda ya nace sai BG66 Ultimax, siririyar nan mai 0.65, yakan gaya masa tun kafin ya biya cewa tana da daɗin bugu amma ba ta daɗewa. Kuma ba ya taɓa wuce iyakar da kamfani ya rubuta a jikin raket, ko da an roƙe shi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na ɗan ƙanena, da ke tsayawa gaban raga a wasan bibbiyu yana kukan raket ɗinsa ta yi masa nauyi. Baba ya ɗora ta a kan siririn ƙarfe har ta daidaita, ya auna daga gindin mariƙi, ya samu milimita 300, wato nauyinta a kai yake. Ga sababbi reras a bango, amma bai ce ya saya ba. Ya ƙara naɗi a mariƙin, ya sauya 'yan robobin ramukan tsirkiya da suka tsage, sannan ya ce wannan gyara kaɗan ne, in ya tashi saye nan gaba ya nemi mai 4U, wadda nauyinta gram 80 zuwa 84 ne, mara nauyin kai. Irin wannan amana ta yi ƙaranci a kasuwa.

Mun kuma riƙe shawarwarinsa: kada a bar raket cikin mota a zafin Jidda, kuma in tsirkiya ɗaya ta tsinke a yanke sauran nan take don kada kan raket ya karkace.

Allah ya ƙara albarka a kasuwarku, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana.

Naku,
Ɗaya daga cikin abokan cinikinku, Jidda